Wa Ke Riƙe da Makullin Baitulmali?

Da zarar an taso da maganar tsarin mulki, sai mutane su rabu gida biyu tun ba a yi nisa ba. Wasu su ce gwamnati ta yi ƙiba, ta zura hannu a aljihun kowa, ta leƙa ɗakin kowa, lokaci ya yi da za a taka mata birki. Wasu su ce gwamnatin da ba ta gina asibiti ba, ba ta koyar da ɗan talaka ba, ina amfaninta, a sakar mata mara ta yi aiki. Ana iya kwana ana wannan ja-in-ja, kuma kowane ɓangare yana riƙe da ƙwayar gaskiya. Abin da ke damuna shi ne dukkansu suna tsallake tambayar da ta fi sauran nauyi: idan gwamnati za ta taɓa dukiyar jama'a, wa take neman izininsa, kuma gaban wa take komawa ta yi bayani bayan ta kashe? A ganina nan ne iyakar ikon gwamnati take. 'Yancin magana, da na taro, da na addini, da na shari'ar adalci, duk a jikin wannan suke jingine.

Tarihin tsarin mulki kansa ta ƙofar kuɗi ya shigo. A 1215, manyan masu ƙasa na Ingila suka ritsa Sarki John a Runnymede, suka sa ya amince da takardar da ake kira Magna Carta. Abin da ya tara su a fili yake: sarkin ya tatse su da haraji don yaƙe-yaƙensa a Faransa, kuma ya dawo da kashinsa a hannu. A cikin takardar akwai sharaɗin cewa ba za a ɗora wasu nau'o'in haraji ba sai da shawarar manyan ƙasa. A cikinta dai akwai wanda ya ce ba za a kama ɗa ko a ɗaure shi ba sai da hukuncin tsararrakinsa ko dokar ƙasa. Mutanen nan sun riga sun ɗanɗana, sun san hannun da ke ƙwace dukiya ba tare da tambaya ba shi ne dai yake rufe ƙofar kurkuku a kan wanda ya yi gardama.

Bayan shekara 400 da 'yan kai, Sarki Charles na ɗaya ya gano abin da kowane mai mulki yake ganowa, cewa majalisa ba ta da ƙarfi a kansa sai ranar da yake neman kuɗi. Ya sallame ta a 1629, ya yi shekara 11 bai sake kiranta ba. To da me zai riƙe gwamnati? Aka tono masa wani tsohon haraji da garuruwan bakin teku kan biya a lokacin yaƙi don tanadin jiragen ruwa, ya shimfiɗa shi a kan ƙasar baki ɗaya, har garuruwan da ke can cikin tudu, alhali ba a yaƙi. Wani mai hali, John Hampden, aka yanka masa sule 20 a kan wani filinsa, ya ce ba zai biya ba. Sule 20 ba za ta girgiza shi ba. Abin da ya ƙi yarda da shi shi ne a ce mutum ɗaya ne zai yanke cewa ƙasa na cikin haɗari, shi zai faɗi nawa za a biya, shi kuma zai kashe ba mai tambayarsa. Alƙalai 12 suka zauna, 7 suka ba sarki gaskiya, 5 suka ba Hampden. Ya faɗi a kotu, amma ƙasar ta ji abin da aka faɗa a gaban alƙalan. Da yaƙi da Sukotilan ya ƙarar da kuɗin sarki a 1640, dole ya sake kiran majalisar da ya kora, kuma daga nan abubuwa suka ɓalle har aka kai ga yaƙin basasa da fille kansa a 1649. Dokar 'yanci ta 1689 ta rubuta darasin a fili: karɓar kuɗi da sunan sarauta ba tare da amincewar majalisa ba haramun ne, haka ma ajiye sojoji a lokacin zaman lafiya ba da yardarta ba.

Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin Amurka a 1787 sun san wannan labari ciki da waje. Tun a sashen farko suka sa cewa ba za a fitar da kuɗi daga baitulmali ba sai abin da doka ta ware, kuma a riƙa wallafa lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita. Gyare-gyare 10 da suka ƙunshi 'yancin magana da na addini sai a 1791 suka shigo. A Faransa ma, talaucin gwamnati ne ya tilasta wa sarki kiran majalisar wakilai a 1789, wadda rabonta da zama tun 1614. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam da aka fitar a shekarar ta ba ɗan ƙasa ikon ya tabbatar da bukatar haraji, ya amince da shi, ya bi sawun inda aka kai shi, ta kuma ce al'umma na da haƙƙin neman lissafi daga kowane ma'aikacin gwamnati. Mu ma da muka taso da jin labarin Sayyidina Umar a kan mumbari, wani ya miƙe ya ce ba za a saurare shi ba sai ya faɗi inda ya samo ƙarin yadin da ya ɗinka rigarsa, har ɗansa Abdullahi ya shaida cewa rabonsa ne ya ba mahaifinsa, ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Abin da ke burge ni a labarin shi ne halifan bai ɗauki tambayar a matsayin cin fuska ba. Ya amsa.

Yanzu bari in juya ga masu cewa maganin komai shi ne a tsuke gwamnati. Ina fahimtar tsoronsu, kuma rabinsa nawa ne. Amma akwai abin da ba sa son a faɗa musu: babu wani 'yanci da yake zuwa kyauta, har waɗanda suke ganin kamar ba sa bukatar komai sai gwamnati ta kau da kai. Haƙƙin mallakar dukiya yana bukatar ofishin da ke ajiye takardun filaye, da ɗan sandan da zai zo idan an fasa gida, da alƙalin da albashinsa ya ishe shi. Haƙƙin zaɓe yana bukatar rajista da akwati da ma'aikata dubbai.

Ku dubi Clarence Earl Gideon. A 1961 aka kama shi a jihar Fulorida ta Amurka bisa zargin fasa wani gidan wasa. Ba shi da kuɗin lauya, ya roƙi kotu ta ba shi, alƙali ya ce dokar jihar ba ta tanadi haka ba sai a laifin da hukuncinsa kisa ne. Ya kare kansa iyakar iyawarsa, aka ɗaure shi shekara 5. Daga cikin kurkuku ya ɗauki fensir da takardar gidan yari ya rubuta wa Kotun Ƙoli. A 1963 alƙalan 9 gaba ɗaya suka ce jiha ba za ta gurfanar da talaka kan babban laifi ba tare da ta ba shi lauya ba. Aka sake shari'ar, wannan karon da lauya a gefensa, aka wanke shi. Mutum ɗaya, zargi ɗaya, hukunci biyu, kuma abin da ya raba su lauya ne da aka biya daga kuɗin jama'a. Haƙƙin yana rubuce a kundi tun 1791. Sai da aka tilasta wa jihohi su zuba masa kuɗi ya isa ga irin su Gideon.

Wanda ya taɓa zama a harabar ƙaramar kotu a ƙasar da aka yi watsi da ɓangaren shari'a ya san yadda abin yake idan ba a zuba kuɗin ba. Uwa tana zaune a benci tun da sassafe, ta ƙura wa ƙofa ido. Magatakarda ya kira sunan ɗanta sau biyu, shiru. Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce ba a kawo waɗanda ake tuhuma ba yau, motar gidan yari ba mai. Alƙali ya buɗe littafinsa, ya ga duk ranakun da ke kusa a cike, ya ɗage zuwa bayan wata biyu. Ba wanda ya soke haƙƙin yaron na a yi masa shari'a cikin lokaci, ba wanda ya gyara tsarin mulki, ba dokar ta-ɓaci. An dai hana wani layi a kasafin kuɗi abin da ya kamace shi, kuma yaron zai ƙara kwana 60 a kulle ba a same shi da laifin komai ba. Idan wani ya ce mini a rage kashe kuɗin gwamnati, tambayata ta farko ita ce daga ina, domin abin da aka saba gani shi ne wuƙar tana fara sauka a kan irin wannan layi, ta bar ayarin motocin manya lafiya lau.

Sai dai ɗaya ɓangaren ma ba su tsira ba. Su suna ganin da an rubuta haƙƙin gida da lafiya da ilimi a kundi, aka kuma ba gwamnati kuɗi da iko, magana ta ƙare. Afirka ta Kudu ta gwada wannan da zuciya ɗaya a tsarin mulkinta na 1996. A 2000 Kotun Tsarin Mulki ta saurari ƙarar Irene Grootboom da ɗaruruwan mutanen da aka rushe wa matsuguni kusa da Cape Town, suka koma kwana a filin wasa ƙarƙashin ledoji. Kotu ta ce shirin gidaje na gwamnati ya gaza, tunda bai tanadi komai ba ga waɗanda ke cikin matsananciyar bukata. Hukuncin ya shahara a duniya, ana karantar da shi a jami'o'i. Ita kuwa Irene ta rasu a 2008 tana cikin ɗakin kwano, ba ta samu gidan ba. A 2002 kotun dai ta umarci gwamnati ta wadata asibitocinta da maganin da ke hana uwa ɗora wa jaririnta cutar ƙanjamau, kuma wannan karon abin ya yi aiki, saboda akwai ƙungiyar da ta tsaya a kan maganar, tana bin asibiti-asibiti, tana shirye ta koma kotu. Alƙali yana iya faɗin abin da ya wajaba, amma ba shi ne ke bin sawun kuɗin ba.

A ƙasar dai aka kashe Rand miliyan 246 na jama'a a gidan Shugaba Jacob Zuma da ke Nkandla da sunan tsaro, aka haɗa har da wurin ninkaya da garken shanu da akurkin kaji. Mai kare haƙƙin jama'a, Thuli Madonsela, ta ce a 2014 ya mayar da wani ɓangare. Ya yi biris, majalisar da jam'iyyarsa ke da rinjaye a cikinta ta wanke shi. A ƙarshen Maris na 2016 Kotun Tsarin Mulki ta ce shugaban da majalisar duk sun saɓa wa kundin da suka rantse za su kare, daga baya ya biya Rand miliyan 7.8. Kuɗin da ya dawo kaɗan ne. Abin da ya fi shi daraja shi ne an tabbatar da cewa shugaban ƙasa ma ana iya tsayar da shi a kan kuɗin da ya taɓa. Kuma a lura, jam'iyyar da ta yi wannan ita ce wadda ta kawo 'yancin ƙasar, wadda take magana da sunan talaka. Kyakkyawar manufa ba ta taɓa zama madadin lissafi ba.

Mai mulkin da ya waye ba ya cewa zai rushe majalisa. Hanya yake nema da zai samu kuɗin da ba sai ya bi ta gabanta ba, kuma hanyoyin nan su ne ya kamata mu fi sa wa ido fiye da jawabansa.

A 1984 majalisar Amurka ta hana a ba 'yan tawayen Kontira na Nikaraguwa taimakon soja. Wasu jami'an fadar Shugaba Reagan suka sayar wa Iran makamai a asirce, suka karkatar da ribar ga 'yan tawayen. Asirin ya tonu a Nuwamba 1986. Mutane sun fi tuna abin kunyar sayar wa abokin gaba makami, amma ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne an gina wata ƙaramar gwamnati mai asusunta, mai yaƙinta, wadda wakilan jama'a ba su san da ita ba. Da abin ya ɗore, haramcin da majalisa ta yi ya zama takarda kawai.

Wata hanyar ita ce babban banki. A Najeriya doka ta ce bashin wucin gadi da gwamnati za ta karɓa daga babban banki kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekara ta ƙare. Bashin ya yi ta taruwa har ya kai Naira tiriliyan 22.7, sannan a Mayu 2023 majalisa ta amince a mayar da shi bashin shekara 40. Wato an ci, an sha, an wanke hannu, sannan aka zo neman izini. Irin wannan kuɗi ba daga sama yake faɗowa ba. Idan aka ƙirƙiri kuɗi ba tare da ƙarin kaya a kasuwa ba, darajar wanda ke hannun mutane ce take zaizayewa, kuma mai albashi da ɗan fansho su ne ke fara jin zafin. Haraji ne wanda ba a taɓa kawo shi zauren majalisa ba, ba wanda ya ɗaga hannu a kansa, don haka ba wanda za a kama da alhakinsa ranar zaɓe. Haka kuɗin da ake warewa da sunan tsaro a ƙasashe da dama, a ce sirri ne. Na yarda akwai abin da ba a shelantawa a kasuwa. Amma sirri daga jama'a daban, sirri daga kowa daban. Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske suna da ƙaramin kwamitin majalisa da aka rantsar, wanda ke ganin takardun a bayan ƙofa. Inda babu ko wannan, an ba kura ajiyar nama.

Hanya mafi sauƙi kuwa ita ce arzikin ƙasa. Gwamnatin da ke rayuwa da harajin mutanenta dole ta riƙa lallashinsu. Wadda kuɗinta ke bulbulowa daga rijiyar mai ba ta bukatar yardar kowa. Chadi ta yi doka a 1999, da sa hannun Bankin Duniya, cewa mafi yawan kuɗin manta zai tafi ga lafiya da ilimi da makamantansu, kashi 10 cikin 100 kuma a ajiye wa 'yan baya. Mai ya fara fita a 2003. A ƙarshen 2005 aka gyara dokar, aka soke asusun 'yan baya, aka shigar da tsaro cikin jerin abubuwan da za a fifita. A 2008 bankin ya janye. Norwe ma mai take haƙowa, amma kuɗin yana shiga asusu ne da kowa ke iya ganin abin da ke cikinsa, kuma abin da gwamnati za ta ɗiba a shekara sai ya bi ta kasafin da majalisa ta amince da shi, bisa ƙa'idar da a 2017 aka rage ta zuwa kashi 3 cikin 100 na abin da ke asusun. Dokar Chadi ba ta da laifi a rubuce. Abin da ta rasa shi ne wani a cikin gida mai ƙarfin cewa a'a.

Duk waɗannan hanyoyi hujja ɗaya suke kawowa, wadda Charles ya kawo wa Hampden: ana cikin haɗari, ba lokacin tambaya. Kuma hujjar da ke buɗe baitulmali ita ce ke buɗe kurkuku. A Yuni 1975, bayan wata babbar kotu ta soke zaɓen Firayim Minista Indira Gandhi, aka ayyana dokar ta-ɓaci a Indiya. Wata 21 ta yi. Aka tsare sama da mutum dubu 100, aka sa wa jaridu takunkumi. A 1976 Kotun Ƙoli ta yanke, 4 da 1, cewa muddin dokar na aiki, wanda aka tsare ba shi da ikon zuwa kotu ya tambayi dalili. Alƙali ɗayan da ya ƙi, H. R. Khanna, shi ne ke kan layin zama Alƙalin Alƙalai, aka tsallake shi, ya ajiye aiki. Ina kawo wannan ne don masu cewa a bar wa kotu komai. Kotu mutane ne, suna tsoro, suna da buri. Masu zaɓe ne suka kawo ƙarshen abin a 1977, sannan a 1978 aka gyara kundin don kada a sake dakatar da haƙƙin rai da na 'yancin kai ko da a cikin ta-ɓaci.

Ba na musun cewa gaggawa gaskiya ce. Annoba tana zuwa, yaƙi yana zuwa, kuma gwamnatin da ba ta iya motsi da sauri za ta bar mutanenta su mutu. Abin da nake nema shi ne ikon gaggawa ya zo da ranar ƙarewarsa a rubuce, wanda ya ayyana shi kada ya zama shi kaɗai ne zai tsawaita shi, kuɗin da aka ware masa kuma kada ya sauya hanya. A Nuwamba 2023 Kotun Tsarin Mulkin Jamus ta soke matakin da gwamnati ta ɗauka na mayar da Yuro biliyan 60 na izinin bashin korona zuwa asusun sauyin yanayi. Ina ganin yaƙi da sauyin yanayi aiki ne na ƙwarai, kuma duk da haka ina ganin kotun ta yi daidai. Izinin da aka bayar don abu ɗaya ba na mai mulki ba ne da zai ajiye ya kashe a wani.

Abin da ya fi ba ni takaici a wannan muhawara shi ne yadda mutane ke sauya riga da zarar nasu ya hau. A 2006 Sanata Barack Obama ya ƙi jefa ƙuri'ar ɗaga iyakar bashin Amurka. A 2011 Shugaba Obama ya yi ta roƙon majalisa ta ɗaga ta, 'yan jam'iyyar da suka ɗaga wa George Bush ita sau da yawa kuma suka ce bashi ya yi yawa. Su ɗin dai a 2017 suka rage haraji ba tare da rage kashe kuɗi daidai da shi ba. Friedrich Merz, wanda daga baya ya zama shugaban gwamnatin Jamus, ya yi yaƙin neman zaɓe yana kare birkin bashin da aka sa a kundi a 2009, wato ƙa'idar da ta taƙaita bashin da gwamnati za ta ci, amma a Maris 2025, tun bai karɓi mulki ba, ya jagoranci gyaran da ya sassauta shi. Wataƙila kowannensu yana da hujja a lokacinsa. Amma mu magoya baya fa? Mu ne ke tafa wa namu idan ya tsallake majalisa, mu ce mai aiki ne, mu kuma kira na wasu ɗan kama-karya idan ya yi abu iri ɗaya. Ikon da ka ba shugaban da kake ƙauna ba ya binsa gida idan ya sauka. Yana nan a kan kujera yana jiran wanda ka fi tsoro. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, kuma ikon da ba shi da iyaka rami ne ko da da kyakkyawar niyya aka haƙa shi.

Na san abin da mai karatu zai ce: ita majalisar da kake ta yabo, waliyyai ne a ciki? Ba su ne ke cusa ayyukan bogi a kasafi ba, ba su ne ke yanka wa kansu alawus ba? Ba su ne a Amurka suka bar wani ɓangare na gwamnati a rufe kwana 35 daga Disamba 2018, ma'aikata kusan dubu 800 ba albashi, saboda rigimar kuɗin gina katanga a kan iyaka da Meziko? Gaskiya ne, kuma ba na ɗaukar wannan da sauƙi. Rufe gwamnati cuta ce da ake iya magancewa, ƙasashe da yawa sun tanadi cewa idan kasafi ya makara za a ci gaba da biyan abin da ya wajaba na ɗan lokaci. Amma idan aka ce in zaɓa tsakanin mutum 300 masu son zuciya da mutum ɗaya mai son zuciya, na ɗauki 300. A cikinsu akwai 'yan adawa, akwai masu gaba da juna, akwai wanda zai fusata ya kai wa ɗan jarida takarda. Zamansu a fili ne, ƙuri'unsu a rubuce, kuma kowannensu yana da mazaɓar da zai koma. A Yuni 2024 matasan Kenya sun karanta ƙudurin haraji sashe-sashe, suka riƙa tura wa wakilansu saƙo kai tsaye, suka fito kan titi. An kashe mutane, kuma wannan jini ba abin da zai biya shi. Shugaba William Ruto ya janye ƙudurin. Sun iya yin haka ne saboda akwai ƙuduri a rubuce, da ranar ƙuri'a, da sunayen waɗanda suka ce e. Da ta bayan gida aka samo kuɗin, ba su da abin da za su kama.

Shi ya sa nake ganin mun ajiye hankalinmu a inda bai kamata ba. Ranar gabatar da kasafi kowa yana kallo, ana ta sharhi kan tiriliyoyi. Ranar da rahoton babban mai binciken kuɗi ya fito, wanda ke faɗin abin da aka yi da kuɗin bara a zahiri, ba ka jin kowa, kuma a wurare da yawa rahoton kan makara da shekaru, ya zo bayan waɗanda ya ambata sun bar ofis. Majalisar Birtaniya ta kafa kwamitin binciken asusun gwamnati a 1861, kuma al'ada ta tabbata cewa ɗan adawa ne ke shugabantarsa. Indiya ma haka take yi tun 1967. Ba abu ne mai wuya ba, kuma ba ya bukatar a sake rubuta kundi daga farko. Mai binciken kuɗi ya samu kasafinsa ba tare da ya roƙi ministan da yake bincika ba, kada a iya cire shi da sa hannun mutum ɗaya, rahotonsa ya fito cikin wa'adin da doka ta sa, a wallafa shi inda kowa zai karanta, jami'in da aka ambata kuma ya zo gaban kwamiti ya amsa da bakinsa a bainar jama'a. Duk ɗan takarar da ya zo mini da alkawarin kare 'yancina, ko na gina mini asibiti, zan tambaye shi ko ya yarda abokin hamayyarsa ya riƙe wannan kwamiti a shekarun da shi yake kan mulki.